Daɓen katako: ka shimfiɗa da hannunka ko ka kira mai sana'a?



Yau maganar ƙasan ɗaki za mu yi. Duk mai bin TikTok da YouTube ya ga irin bidiyon nan: Bature ko Baturiya sun shiga ɗaki wayam da kwalayen katako da ƴar guduma, kafin minti ɗaya ya cika a wayarka ƙasan ɗakin ya koma sumul yana sheƙi kamar na babban otal. Sannan su ce da kansu suka yi, ba su biya kowa ba. Wannan daɓen katako, da masu jin Faransanci ke kira parke, ya fara shiga ran masu gini a garuruwanmu, musamman matasa da masu shirin ɗakin amarya. Sai ka ji ana cewa, ai abin ba wuya, me zai sa in ba wani kuɗina?

Ni dai ra'ayina shi ne: a ƙasarmu, in katako na gaske ne, kira mai sana'a, kar ka taɓa. Amma kar ka kira shi ido rufe, sai ka san abin da za ka tambaye shi. Akwai kuma wuri ɗaya da zan ce maka bisimilla, yi da kanka. Ku biyo ni a hankali ku ji dalili.

Mu fara da mai bidiyon. Me ya sa Ba'amurke ke durƙusawa ya yi daɓensa da kansa? Kuɗin hannu ne ya kore shi. A Amurka mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanke tun 2009 shi ne dala 7.25 a awa ɗaya. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wajen jika 4 ke nan a awa, kuma gwanin daɓe yana karɓar fiye da haka nesa ba kusa ba. Mu nan, mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata, tun farkon 2024. Wato abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu can a awa 10 ko 11, shi namu ke samu a wata guda. Saboda haka in Ba'amurke ya kauce wa kuɗin ma'aikaci, ya tsira da babban kaso na kuɗin aikin. Kai kuwa in ka kauce masa, ƙaramin kaso ka tsira da shi, don a wurinmu kayan ne masu tsada.

Ba nan kaɗai bambancin ya tsaya ba. Yawancin gidajen Amurka da katako ake gina su, ƙasan ɗaki ma faifan katako ne, ƙusa tana shiga ba gardama. Namu siminti ne. Suna da manyan kantuna irin su Home Depot, da aka kafa a 1978, inda mutum zai yi hayar injin buga ƙusa da injin goge katako na yini ɗaya ya maida. Faransawa ma suna da Leroy Merlin da Castorama don masu brikolaji. In kwali ya rage ba a buɗe ba, a mayar musu su ba da kuɗi, in ya gaza a koma a ƙaro irinsa sak. Sannan gidan nasu rufe yake, ga na'urar ɗumama ɗaki, ga ta sanyaya shi, iskar ciki ba ta cika canzawa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kar ka ɗauko lissafin mutumin Atlanta ka ɗora a Zariya ta Maraɗi ko Birnin Damagaram.

Abu na biyu, ku san cewa abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su parke, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko katako ne zalla daga sama har ƙasa, kaurinsa yakan kai milimita 19 zuwa 22. Ana kafa shi da ƙusa ko a manna da gam, a goge da inji, a shafa masa barnis. Shi ne mai daɗewa, don in ya tsufa ana sake goge shi ya dawo sabo. Na biyu mai hawa-hawa ne: fatar sama ce kaɗai itace mai daraja, milimita kaɗan, ƙarƙashinta faifan katako ne da aka manna a giciye don kada ya riƙa motsi. Na uku shi ake kira lamine ko stratifiye, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977. Shi wannan garin katako ne aka matse, aka manna masa hoton itace a sama, aka rufe da fata mai tauri. Tun shekarun 1990 aka yi masa baki mai ƙullewa, ka tura wannan cikin wancan ka ji ƙas, ba ƙusa ba gam. Yawancin bidiyon da ke nuna aiki ya ƙare cikin yini ɗaya, wannan na ukun ne. In mai kanti ya ce maka katako ne na gaske, ce ya ba ka guntu ka duba gefensa, kar ka yi wa rogo kallon kitse.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda bidiyo ba ya nunawa. Itace ko an sare shi bai daina shan iska ba. In iska na da danshi sai ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke. Kowa ya san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa a watan Agusta sai an sa kafaɗa, a watan Maris kuma ta bar kafar da ƙura ke shigowa. To haka daɓen zai yi, sai dai shi a ɗaki guda alluna ne 30 ko fiye jere da juna, kowanne yana tura ɗan uwansa.

Ƙungiyar masu daɓen katako ta Amurka ta ce a riƙe danshin iskar ɗaki tsakanin kashi 30 da kashi 50 cikin 100, lokacin ruwan da ke jikin katako yana zama wajen kashi 6 zuwa 9. Mu kuwa fa? A Fabrairu da Maris danshin iskarmu yana sauka ƙasa da kashi 20, da rana ma har wajen kashi 10. A Agusta ya haura kashi 70. Ke nan ruwan jikin katako zai iya tashi daga wajen kashi 4 ya kai kashi 14 cikin shekara ɗaya. Ɗauki itacen ok, wanda Faransawa ke kira shen, shi aka fi yin parke da shi a Turai da Amurka. Allo mai faɗin santimita 12 zai iya canzawa da milimita 4 tsakanin ɗari da damina. Milimita 4 kamar ba komai ba ne, amma ninka shi sau 30 ka gani. Wanda ya shimfiɗa a watan Maris ya matse alluna ƙam har jikin bango, damina na sauka daɓen zai tashi ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Wanda ya shimfiɗa a Agusta da katako mai ruwa, ɗari na zuwa zai ga tsaga ko'ina, rairayi ya samu wurin zama. Ga masu amfani da na'urar sanyi mai aiki da ruwa, wadda ta yi yawa a gidajen Yamai lokacin zafi, ita ma danshi take hurawa ɗaki.

Mai sana'ar da ya san aikinsa yana da ƴar na'urar auna ruwan katako. Yana ajiye kayan cikin ɗakin da za a yi aikin su saba da iskarsa, kwana 2 ga lamine, mako ɗaya ko fiye ga katako zalla. Yana barin tazara tsakanin daɓe da bango ta kowane gefe, wajen santimita 1 ga lamine, kusan 2 ga katako zalla, sannan ya rufe ta da ɗan katakon gindin bango. Ya san kuma a wane wata yake aiki, ya sassauta ko ya matse gwargwadon haka. Wannan sanin ake biya, buga guduma kam kowa ya iya.

Sai maganar simintin da ke ƙasa. Magina sukan ce siminti ya yi ƙarfi bayan kwana 28, kuma gaskiya ne, amma ƙarfi daban bushewa daban. Zafinmu yana busar da fuskar siminti da wuri ya ruɗe ka, alhali cikinsa da sauran ruwa. Masu aikin suna ƙiyasta mako ɗaya ga kowane santimita na kaurin shafen da aka zuba, in ya yi kauri sosai ma ya fi haka. Ga gwajin da kowa zai iya yi: yanki leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta da salatif a kan simintin, ka bar ta aƙalla awa 16, yini da kwana ya fi. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, akwai ruwa, dakata. A gidaje da yawa ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin siminti ba tun wajen gini, shi ya sa da damina za ka ga laima tana hawa gindin bango fenti yana ɓarewa. Irin wannan ɗaki, in ba a toshe laimar ba, kowane katako aka sa ruɓewa zai yi.

Kuma dole ƙasan ya miƙe. Ka ɗora dogon ƙarfen magina mai mita 2 a wurare da yawa, in ka ga ramin da ya wuce milimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashinsa, sai an cike an daidaita. Karo, wanda mutanen Najeriya ke kira tayil, yana yafe wannan laifi, don mai sa karo yana ƙara siminti inda ya faɗa ya rage inda ya tashi. Katako ba ya yafewa. Inda rami yake, allo zai riƙa lanƙwasa duk takun ƙafa, yana ƙara, har bakin ƙullin ya karye.

Kar mu manta da gara. Kakanninmu ba su zaɓi azarar giginya don kyau ba, sun zaɓe ta ne don gara ba ta cika iya mata ba. Itatuwa irin su loko, wanda ake kira iroko, da kawo da tek suna jure mata. Farin katakon da ake yin kofaraji da plafon da shi kuwa abincinta ne. Lamine ma bai tsira ba, tunda cikinsa garin itace ne. Mugun abin da gara shi ne daga ƙasa take ci, saman yana nan yana sheƙi, sai ranar da ƙafar gado ta burma. Dole a yi wa ƙasa da gindin bango magani kafin a shimfiɗa komai, kuma maganin gara guba ne, ba abin da za a ba yaran gida su fesa hannu tsirara ba.

Uwargida ma tana da magana a nan, don ita ce za ta zauna da daɓen. Yadda muke tsabtace ɗaki, shara ce da tsintsiya sannan a bi da tsumma jiƙe sharkaf. Ga buta a bakin ƙofa, ga yara da kofin ruwa, ga rairayin da takalmi ke kwasowa wanda ke kankare barnis kamar sanfefa. Parke tun asalinsa ba ya shiri da ruwa. A fadar Bersai ta sarakunan Faransa, a 1684 aka fara sa shi a madadin dutsen marmara, saboda yawan wankin marmarar yana zubar da ruwa ya ruɓar da ginshiƙan katakon da ke ƙasa. Wato an kawo shi ne don a daina wanke ɗaki. Ga kuma ambaliya. Ba mu manta da 2020 ba, da kogin Isa ya shiga Saga da Lamorde da Kirkisoy, ko daminar 2024 da ta yi wa Maraɗi mummunar ɓarna, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ɗakin karo in ruwa ya janye, a wanke a ci gaba da zama. Lamine in ya kwana cikin ruwa ya kumbura ke nan, ba ya komawa, sai a kwashe a zubar.

To mu zo ga lissafi. Ɗaki mai mita 4 da mita 4, murabba'in mita 16 ke nan, metir kare 16 in ji magina. Gwani zai ce ka sayi ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, wato wajen 17 ko 18. In salon jeri na karkace kake so, irin mai kama da ƙashin kifi, ƙarin ya kai kashi 15. Ɗan koyo kuwa ɓarnarsa ta fi haka: ya yanka ta gefen da ba shi ba, ya fasa baki da guduma, ya kai layin ƙarshe ya tarar ɗakin ba daidai yake ba. Kuma kayan nan daga nesa suke zuwa. Katakon gini daga Najeriya da Gana da Kodebuwa da Benin ake kawo mana shi, lamine kuma daga Sin ko Turkiyya ko Turai. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, farashi ya bi ta. In kwali biyu suka gaza maka, kana iya komawa kanti ka tarar wannan launin ya ƙare, ba ranar zuwan wani. Ka ƙara da kuɗin zarto na wuta, da nibo, da injin gogewa in katako zalla ne, kayan da sau ɗaya za ka yi aiki da su. Ka rubuta kuɗin kaya a gefe ɗaya, kuɗin hannun mai sana'a a ɗaya gefen, ka tambayi kanka: wanne zan iya jure asararsa? Garin neman gira kar a rasa ido.

Wani zai ce, to in shiga kasuwar Katako a Yamai ko wajen masu katako a garinmu in sayi alluna in jera mana. Allunan kasuwa ba a busar da su a tanda ba, da yawa da ruwansu ake sauke su daga mota. Ba su da bakin mace da namiji da zai riƙe su da juna, sai an kai su inji. Bayan an jera sai an goge, kuma ƙurar katako ba wasa ba ce: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanci, ƙurar loko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Wanda kuma ke tunanin sare madacin gona ya yi alluna, ya tuna madaci da gawo da giginya suna cikin itatuwan da dokar daji ta kare, ba a sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, kuma suna da gaskiya. Za su ce, wane mai sana'a? Wanda zai karɓi kafin alƙalami ya kashe waya? Wanda zai zo ranar farko da kansa, rana ta biyu ya turo yaran shago? Wanda duk abin da ka tambaya sai ya ce ya iya, don kar aiki ya wuce shi? Wannan ciwo ne da duk mai gini ya sani. Kuma gaskiya gwanayen parke ba su da yawa a wurinmu, tunda aikin bai yaɗu ba. Kafintan da ya gwanance a gado da kabad da ƙofa ba lallai ne ya taɓa shimfiɗa daɓe ba. Mai sa karo ya san nibo da jeri, amma ya saba da abin da ba ya motsi, hannunsa zai so ya matse har bango ya cike da siminti.

Wasu kuma za su ce, ai mu ma mun gaji yin daɓe da hannunmu. Haka ne. Iyayenmu mata sukan taru a yi gayya, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi ƙarfi tana sheƙi. Amma ku duba da kyau, a cikinsu akwai tsohuwar da ta yi daɓe sau talatin, ita ke cewa a ƙara ruwa ko a bari ya sha iska. Kayan kuma na bayan gari ne, in ya tsage a sake ba a yi asarar ko dala ba. Gayyar tana da gwani a tsakiyarta. Mai waya a hannu shi kaɗai cikin ɗaki, da kwalayen da suka ci albashin watanni, bai gaji wannan ba.

Saboda haka maganin mugun ma'aikaci shi ne maigida ya san aikin da ido, ko da bai iya shi da hannu ba. Kalli bidiyon nan da kyau, amma don ka iya tambaya. In mai sana'a ya zo, ce ya kai ka gidan da ya yi wa daɓen katako wanda ya ga damina ɗaya da ɗari ɗaya aƙalla. Hoto a waya bai isa ba, kowane daɓe kyakkyawa ne ranar da aka gama shi. Je ka taka da ƙafarka, ka gaisa da masu gidan. Tambaye shi yadda zai gane siminti ya bushe. Tambaye shi tazarar da zai bari a gindin bango, in ya ce ba ya barin kafa don aikinsa mai tsabta ne, sallame shi da girma da arziki. Tambaye shi abin da zai shimfiɗa tsakanin siminti da katako, da abin da zai yi wa gara, da kwana nawa kayan za su yi a ɗaki kafin ya fara. Wanda ya ce a kawo kaya yau ya gama gobe, gaggawar karɓar kuɗi yake yi.

In kun daidaita, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: faɗin ɗaki, irin kaya da yawansu, kuɗin hannu a kan kowane metir kare, wa zai biya in ɓarna ta wuce kashi 10, ranar farawa da ranar gamawa, da shaidu biyu. Ka sayi kayan da kanka ko ku je tare. Kar ka biya duka a farko, a raba kuɗin kashi uku, kuma ku yarda tun farko cewa za a riƙe wani abu sai daɓen ya ga sauyin yanayi. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan. Kai ma kuma, Alhaji, in ya yi aikinsa ka cika masa haƙƙinsa ba ja-in-ja. Da yawa daga cikin aikin banzan da muke kuka da shi, mu muka jawo shi da tayin wulaƙanci. Ka murƙushe mutum a ciniki har ba abin da zai kai gida, sannan ka yi mamakin ya tsallake gwajin laima. Araha ba ta ado. Ƴan uwa da ke waje, ku kuma kar ku dogara da hoton WhatsApp, ku sa wani mai ido ya tsaya a shantiye ranar da ake shirya ƙasa, don abin da ke ƙarƙashi ba ya fitowa a hoto.

Yanzu ga wurin da na ce za ka iya yi da kanka. In lamine ne mai ƙullewa, ɗakin kwana ne ƙarami mai kusurwa huɗu, nesa da bayi da madafa, a bene ko a ɗakin da ka tabbata laima ba ta hawa, ƙasansa kuma ya miƙe, misali akwai tsohon karo lafiyayye, to bisimilla. Wannan aikin mutum biyu ne masu haƙuri. Ka ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin kwana 2. Ka shimfiɗa leda mai kauri, ka ɗora ƴar katifar soso da ake sayarwa tare da shi. Ka sa ƴan guntaye na santimita 1 a gindin bango ka cire su in ka gama. Kar mahaɗar alluna ta layi biyu ta zo wuri ɗaya, a bar aƙalla santimita 30 tsakaninsu. Kar ka buga guduma kai tsaye a bakin allo, sa guntu a tsakani. Ka auna ƙasan ƙofa tun farko, don daɓen zai ɗaga ɗaki da wajen santimita 1. Wajen saye, duba jikin kwali: alamar AC4 ko AC5 ta fi jure rairayi a kan AC3, alamar E1 kuma tana nuna gam ɗin da ke ciki ba ya fitar da warin sinadari mai yawa. Ka ajiye kwali ɗaya a ɗaki don gyaran gaba. In wannan ɗaki ya wuce shekara lafiya, sai ka yi tunanin na biyu. Falo, matakala, katako zalla, aikin gam da gogewa, waɗannan ka bar wa masu shi.

Kafin duk wannan ma, ya kamata mutum ya tambayi kansa: katakon nake so ko kamanninsa? In kamannin ne, akwai karo dogo mai zanen itace, wanda sai ka taɓa za ka gane ba katako ba ne. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya kumbura shi, yana da sanyi a ƙafa a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, kuma kowane gari yana da gwanayen sa shi. Turawa sun so katako ne don yana da ɗumi a ƙafa lokacin ƙanƙara. Mu ɗarinmu wata biyu ne zuwa uku, darduma ko moket ta ishe shi. Akwai kuma allunan roba masu tauri da ake kira SPC, masu ƙullewa kamar lamine, su ruwa ba ya ɓata su, sai dai ba sa son rana ta riƙa dukansu kai tsaye ta taga.

Maganata ta ƙarshe ga matasa masu sana'ar hannu take, na shaguna da na cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoni da ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Ga wuri nan babu kowa. Masu son daɓen katako suna ƙaruwa, waɗanda suka iya shi ba su da yawa. Kafintan da ya sayi na'urar auna ruwan katako, ya koyi gwajin laima, ya iya ce wa Alhaji wannan ɗakin bai dace da katako ba, a sa karo, shi za a riƙa nema daga Tawa har Damagaram. Masu gida kuma, a tambaya kafin a saya, a gwada kafin a shimfiɗa, a rubuta kafin a biya.

Allah ya ba kowa ikon kammala gininsa lafiya, ya sa a shiga da arziki. Sai mun sake haɗuwa.